Rasuwar Gladys, Kwamfutar Tseren Motoci

Da zuciya mai cike da alhini, ni Leland Halvorsen na garin Duluth, a madadin iyalina da na yayana Orrin, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar cinyata, wadda kowa ya fi sani da Gladys. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da ta gabata, a kan teburin cin abinci na gidan Yaya Orrin da ke Bemidji, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara bakwai, wanda a wajen irinsu tsufa ne tukuf.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. An zubar mata da kofi ta shanye. Ta taɓa faɗowa daga bayan mota a bakin tafki, ta tashi da tabo a kusurwa, ba ta ce uffan ba. Idan aka tashe ta da safe takan gaisa da wani ɗan sauti mai taushi, tirin, sannan ta kama aiki. Tun farko don adana hotunan kamun kifi na kawo ta gida, kuma da a nan ta tsaya, da ta ƙare rayuwarta cikin kwanciyar hankali kamar sauran tsaranta. Amma aikin da ya fi wannan nauyi ya same ta.

Shekara uku da suka wuce Yaya Orrin ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar share ƙanƙara a titunan gundumarsu, sai ga shi hannun hagu ya ƙi riƙe cokali, harshe ya yi nauyi, likitoci sun hana shi tuƙi. Ya daina ɗaga waya, don ba ya son a ji yadda maganarsa ta koma. Mai koya masa motsa jiki ta ce a samo masa abin da zai riƙa wasa da yatsu, matarsa Paulette ta kawo masa sabuwar kwamfuta da wasan tseren motoci, ni kuma na sa irinsa a cikin Gladys. Daga nan muka mai da safiyar kowace Asabar lokacin tsere, shi a gidansa, ni a nawa, kowa da abin magana a kunne.

Kafin tseren farko ya yi mini gargaɗi, kalma ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar. Ya ce, "Auta, ranar da ka raga mini, ranar na daina."

Ban raga masa ba. Ni da Gladys muka yi ta lallasa shi ba tausayi. Motarsa ta daki katanga, ta faɗa rami, wani lokaci ta juya tana bin hanya a baibai. Shi kuwa sai zagi, kuma a cikin zagin nan maganarsa ta fara dawowa. Paulette ta gaya mini cewa cikakkiyar jimlar farko da ta ji daga bakinsa bayan ciwon, a kan girman kunnuwana ce.

Ciwon ajalin marigayiya ya faro ne a farkon sanyin bana, kuma a hankali ya shigo. Da fari fankar cikinta ce ta canza murya, daga ɗan huci zuwa gurnani irin na injin yankan ciyawa. Sai zafin jiki, har ba na iya ɗora ta a cinya. Sai hoto ya fara sarƙewa. Ina tafe a miƙaƙƙen titi lafiya lau, da na iso kwana sai komai ya tsaya cak, in ya dawo in tarar da motata rungume da bishiya.

A haka Yaya ya ci ni karon farko. Ya yi ihu har karensu ya tsorata, ni ma na taya shi murna da zuciya ɗaya. Asabar ta gaba ya sake ci, ya yi dariya kaɗan. Da abin ya ci gaba, dariyar ta ɗauke. Na yi ta gaya masa cewa Gladys ce ba ta da lafiya, yana cewa to. Wata Asabar na zauna da kofina ina jira, bai shigo ba. Da yamma Paulette ta kira ni a waya daga kicin ɗinsu, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Orrin ya rufe kwamfutarsa ya sa a saman kabad, ya ce ƙaninsa ya fara yi masa kallon majinyaci, yana taka birki da gangan don ya faranta masa. Ta ce tun ranar Laraba bai yi maganar kirki da kowa ba, ko atisayen hannun ya bari.

Na nemi ta ba shi wayar. Na rantse masa, na yi bayani, na kara wayar a jikin fankar don ya ji da kunnensa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji injin wanki. Sai an jima."

Daga ranar jinya ta kankama, kuma ina so a shaida cewa ba a yi wa marigayiya sakaci ba. Na sabunta manhajar da ke kula da hotonta, abin ya ƙaru, na mai da tsohuwar, bai ragu ba. Na rufe duk wasu manhajoji da ke cin ƙarfinta a ɓoye, ciki har da wata ta hasashen yanayi da ban san ranar da ta tare a gidana ba. Na zargi intanet, na jawo doguwar waya daga falo zuwa ɗaki, matata Corinne ta yi tuntuɓe da ita da kwandon wanki a hannu. Na shiga cikin wasan na rage masa kwalliya. Na kashe inuwa, na kashe ruwan sama, na kori 'yan kallo daga gefen titi, na cire ganyen bishiyoyi, har duniyar ta koma kamar zanen ɗan firamare. Gladys ta ɗan farfaɗo, ta yi zagaye biyu lafiya, a na uku ta koma gidan jiya.

Na kai kukana wani zauren intanet na masu wasa. Mutanen kirki ne, kowa da maganinsa, kuma kowa ya tabbata maganin ɗan uwansa ne zai kashe ta. Abu ɗaya suka yarda da shi, wato zafi ne ke sa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Sai na ɗora ta a kan ragar da Corinne ke shanya biredi, don iska ta shiga ta ƙasa. Na sayo mata faifai mai fanka da za ta zauna a kai ta sha iska. Na ɗauko ledar koren wake daga firiza na shimfiɗa mata, waken ya narke, muka ci shi da daddare ba don muna so ba. Wata safiya a tsakiyar Janairu na buɗe tagar ɗaki, na zauna da hula da safar hannu ina gwaji. Corinne ta leƙo ta dube ni, ta ce in dai ɗaya daga cikinmu zai kwanta a asibiti, ta fi son ya zama kwamfutar.

Da duk wannan ya gaza, aka yanke shawarar tiyata. Na kwantar da ita a kan tawul, na kwance bayanta. Abin da na tarar a cikin fankar, ba don Corinne ta gani da idonta ba, da ban faɗa ba: gashin kyanwarmu ne ya dunƙule ya zama kamar ƙaramin bargo. Na cire shi, na hure ƙurar, na goge busasshen man da ke ɗauke wa ƙwaƙwalwarta zafi na shafa sabo. Na mai da komai wurinsa, ban da ƙusa ɗaya da ta rage a hannuna, wadda har yau ban san gidanta ba. A ƙarshe na goge duk abin da ke cikinta na sake zubawa. Ta samu sauƙi na 'yan kwanaki, irin sauƙin da ke sa dangi su fara murna, sannan ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Corinne ce ta ce in daina ɓata lokaci. Ta ce ko na warkar da ita, ko na sayi sabuwa na koma cin Orrin, zai ce dai na daina raga masa ne don an kama ni. Ta ce in ɗauki majinyaciyar in kai masa ya gani.

Muka naɗe Gladys a bargo muka kama hanyar Bemidji. Mun tarar da Yaya a kujerarsa, bai aske gemu ba, ya amsa gaisuwata da ka. Na ajiye ta a teburin cin abinci, na kunna wasan, na ce ya zo ya gani. Ya taso da sandarsa, ya tsaya a kaina har hoton ya sarƙe a kwanar farko. Ya ce ai wannan ma ana iya shirya shi. A nan raina ya ɓaci. Na ce to ya zauna ya tuƙa ta da kansa, ni a sauko mini da tasa daga saman kabad, in ya ga yadda zan bar shi a baya sai ya san wanda ke da ciwo.

Ya dube ni, ya dubi Gladys, ya ja kujera.

Paulette ta sauko mini da tasa, muka fara tsere, motata ta tashi kamar harsashi. Kwamfutarsa santsi gare ta, ga inuwa, ga 'yan kallo suna ɗaga tuta, rabona da ganin duniya haka har na manta. A zagayen farko na ji motarsa ta daki katanga, fankar Gladys na kururuwa, na ce a raina yau gaskiya ta fito. A zagaye na biyu ban ji karo ba. Na saci kallonsa, na ga ya karkatar da kai yana sauraron fankar. Da ta ɗaga murya sai ya sassauta tun kafin kwana, ya bar hoton ya tsaya ya dawo, sannan ya taka. Yatsun hagun nan da a da ba sa riƙe cokali suna ta rawa a kan madannai. Paulette ta ajiye butar kofi ta zo ta tsaya a bayansa.

A kwanar ƙarshe ya wuce ni ta ciki. Ban raga masa ba, Allah ne shaida, har gumi na yi. Motarsa ta tsallake layi, tawa na bin ta a baya.

Gladys ta nuna sunansa a saman allo. Fankarta ta yi wani dogon huci, fuuu, ta yi shiru, allon ya yi baƙi. Muka danna, muka cire waya muka mayar, muka jira ta huce. Ba ta sake tashi ba.

Paulette ta juya tana goge ido da bakin riga. Yaya ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu, yana buɗe shi yana rufewa, sannan ya dafa murfin marigayiya ya rufe a hankali.

Ya ce, "Lallai ba ta da lafiya, Auta. Na yarda." Sannan ya juyo wajena. "Amma ba ita kaɗai ba ce. Kai ma sai a buɗe bayanka a hure ƙura."

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaure da salatif, da linzamin kwamfuta da ya yi mata hidima tun tana sabuwa, da faifai mai fanka wanda bai daɗe da shigowa gidan ba ya zama maraya. Ta bar kyanwa guda, wadda ba ta nuna nadama ba. Ta kuma bar ni, ba ni da sauran wanda zan ɗora wa laifi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki na gunduma, nan bayan unguwarmu. An riga an kwashe hotunan kifi. Bayan an dawo za a zauna a gidana, akwai kofi da gasasshen dankali da nama, kuma Corinne ta roƙi masu zuwa ta'aziyya su bar shawarwarinsu na gyara a gida, lokacinsu ya wuce. Waɗanda ba su samu zuwa ba, addu'arsu ta wadatar.

Yaya Orrin zai halarta. A makon nan likitansa ya duba shi ya sa hannu a takardar izinin komawa tuƙi, don haka shi zai tuƙo motarsa da kansa tun daga Bemidji, Paulette na gefe. Daga ƙofata zuwa wurin jana'izar tafiyar ƙafa ce, shi kuma yana da rabin jiha a gabansa. Duk da haka ya aiko a gaya mini in fita da wuri, wai ba ya son ya riga ni isa a gaban mutane.