An Gyara Mana Filin Harbi, An Kwashe Tudun

Jama'a, ni dai an kore ni daga filin harbi, laifina kuwa shi ne na zo da bindiga. Ku riƙe dariyarku tukuna ku ji yadda aka yi.

Sanyin da ya wuce a gareji na ƙare shi. Dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa, ni kuma ina zaune gaban injin ɗura harsashi: in wanke kwanso, in auna albarushi a sikeli, in ɗora kan dalma, in ja hannun inji, in jefa a gwangwani. Uwargida Lavonne har cewa ta yi da injin nan ya iya dafa gahawa da tuni na manta sunanta. Da ƙanƙara ta narke sai aka ce an buɗe filin harbin gunduma bayan dogon gyara. Na kira maƙwabcina Merle, muka loda akwatuna a bayan akori-kurarsa, muka kama hanya baki har kunne.

Ina buɗe jakar bindigata ke nan sai ga mai gadi cikin riga mai ƙyalli ya taho a guje yana ɗaga hannuwa.

"Dattijo, dattijo, mayar da ita! Ba a harbi a nan."

Na ce, "Bawan Allah, ko ɓatan kai muka yi? Me aka rubuta a allon can?"

"Cibiyar Wasannin Harbi ta Zamani."

"To?"

"To, ba a harbi. Amma kuna iya shiga ciki ku kalli hotuna. Akwai ma banɗaki mai ɗumama mazauni."

Merle ya cire hula, ya sosa sanƙonsa, ya ce, "Wendell, tunda dai mun ƙona mai, bari in je in zauna a kai ko na rage asara."

Kun dai san yadda filin nan yake a da. Tsohon ramin tsakuwa ne, da rumfar kwano, da tebura da suka sha ruwa, sai wani ƙaton tudun ƙasa a can ƙarshe wanda iyayenmu suka tara da hannunsu. Tudun nan shi ne komai. Shi ke haɗiye duk harsashin da aka harba. A bayansa akwai makiyayar shanun Orrin Tollefson, a bayan makiyayar kuma titin da motar 'yan makaranta ke bi. Abu ɗaya muka roƙi manyanmu: rufin rumfa na yoyo, a taimaka a sauya kwano. Zaɓe ya zo aka yi alkawari, zaɓe ya wuce rufi na yoyo. Wani zaɓen ya zo aka sake alkawarin, har da dafa kafaɗa.

Sai Allah ya jarrabe mu, suka cika alkawari.

Babbanmu na gunduma, wanda ni nake kira Mai Girma Sarkin Almakashi saboda ko kwalbati aka gina sai ya zo ya yanke ƙyalle, shi ya ce sauya kwano ƙaramin tunani ne. Aka rufe filin, aka kawo masana daga birni da takalma masu sheƙi. Suka gina zaure na gilashi, suka kafa tuta, suka shuka furanni. Sai wani mai zurfin basira a cikinsu ya lura cewa tudun nan yana tare wa masu wucewa ganin kyan ginin. Aka kawo katafila ta baje shi, aka malala kwalta, aka ja farin layi, ya zama wurin ajiye motoci. Da aka gama ne wani ya tuna ya tambaya, to harsashin fa, ina zai tsaya? Amsa ta fito fili: cikin saniyar Orrin, ko cikin motar yara. Shi ne aka hana harbi. Ku yaba musu, jama'a. Ba kowace hukuma ce za ta iya gano haɗarin da ita ta ƙirƙira ba.

Daga can gidan Inna Verna Pruitt muka wuce. Wanda ya taɓa tsayawa a layin harbi a yankin nan ya san ta. Ta haura saba'in, ga ta 'yar firit, amma in ta ɗaga libarbar marigayi mijinta, farantan ƙarfe faɗuwa suke kamar an yi musu tsawa. Ita kaɗai aka gayyata bikin buɗewa a cikinmu, wai don hoto ya yi kyau, kuma kwana ɗaya kafin zuwanmu aka yi shi.

Ta zuba mana gahawa, ta yanko kek ɗin tuffa, ta ce, "Ai da kun biyo ta nan da na hutar da ku. Kun san abin da babban gundumar nan ya yi a wajen bikin? Ya ce in ara masa bindigata a ɗauke shi hoto. Na cire harsasai, na nuna masa babu komai, na miƙa masa. Sai ya ɗora yatsa a kan kunama, ya juya bakinta yana nuna jama'a ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. Masu kaɗe-kaɗe suka kwanta a ƙasa."

Merle ya ce, "Ke kuma fa, Inna?"

"Na murɗe masa hannu na karɓe abata. Na ce a filin nan ko yaron da ya zo jiya bai yin haka."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juya kofinta a kan tebur ta ce likita ya gaya mata tsakiyar idonta na dama ya soma dushewa, kuma ba mai gyaruwa ba ne. Bana tana iya ganin saitin bindiga, baɗi sai yadda hali ya yi. Gasar kaka, wadda a filinmu ake yin ta tun 'ya'yanta na rarrafe, ita take so ta harba ta ƙarshe. Ƙungiyar maharba ta yanki kuma ta ce in ba mu da fili bana za a kai gasar wata gunduma mai nisa, kuma kun san abin da aka ɗauke daga ƙauye ba ya dawowa.

Saboda haka ranar zaman majalisar gunduma muka cika zauren, da hulunanmu da takalman gona. Merle ya fara miƙewa.

"Ranka ya daɗe, tudunmu muka zo nema."

Sarkin Almakashi ya gyara zama ya ce, "Malam Merle, tudunku bai ɓata ba. An yi amfani da shi wajen cike kwarin da ke gaban ofishinmu. In ka leƙa taga za ka ga yadda ciyawa ta yi kyau a kansa."

Muka leƙa. Gaskiya ta yi kyau. Shekara da shekaru muna shuka mata dalma.

Ya ci gaba: "Sannan na samu labari ku da kanku kuke ɗura harsasanku. To me zai hana ku rage musu ƙarfi? Ku ɗura su yadda da sun huda takarda za su faɗi nan kusa, kafin su kai ga shanu."

Na miƙe, na riƙe hula a ƙirji, na ce, "Allah ya ƙara wa Yallaɓai basira. Mun sha yi wa harsashi nasiha, ba ya ji. Amma in an ba mu izini sai mu riƙa ɗaura masa zare, in ya yi nisa mu jawo shi."

Wallahi na ga na hannun damansa yana gyaɗa kai, alamar shawarar ta shige shi.

Muka ce to a bar mu mu sake tara tudun da kanmu, da taraktocinmu, da ƙarfinmu, ba ma neman komai. Aka ce ba zai yiwu ba, domin an riga an buɗe wurin ajiye motocin a hukumance, kuma abin da aka buɗe a hukumance ba a rufe shi da ka. Za a kafa kwamiti ya binciko ko filin harbi na buƙatar tudu. Kwamitin zai kawo rahoto bayan zaɓe.

Nan Inna Verna ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai yaro, na san ka tun kana tsallake shingena kana satar tuffa. Idona ba zai jira kwamitinka ba."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Inna, muna tare da ke a cikin addu'a."

Ta ce, "Riƙe addu'arka, kai ka fi ni buƙata."

Orrin Tollefson yana can baya a jingine da bango. Mutum ne da sai ka yi shekara ba ka ji ya haɗa jimla uku ba, kuma bai taɓa shiga gasa ba, hasali ma ƙarar bindigoginmu ta sha tsinka wa shanunsa nono. Muna fita, a bakin ƙofa, ya tare mu ya ce, "Akwai gangare a bayan rumbun ciyawata. Ina da tarakta. Shanu sa koma gabas." Ya sa hularsa ya tafi.

Haka muka kwashe ranakun Asabar na damina a gonarsa. Aka yanki gangaren, aka yi ta juye ƙasa har tudu ya tashi ya fi na da. Merle ya yi wa tsofaffin farantan garma walda suka zama abin harbi, ya kuma samu ciwon baya da zai ba da labarinsa har ƙarshen rayuwarsa. Lavonne da sauran mata suka riƙe mu da naman barewa da burodin masara, wasunsu kuma suka karɓi shebur da suka ga yadda muke aikin. Mai duba fili na ƙungiyar yanki ya zo, ya zagaya, ya taka kashin shanu, ya ce fili ya yi. A duk tsawon lokacin nan ko ɗan aike ba mu gani daga gunduma ba. Ina jin kwamiti na can yana nazari.

Ranar gasa iska ta kaɗa da sanyi, warin taki ya haɗu da na albarushi, motoci suka cika gonar har bakin titi. Aka kira Inna Verna. Ta gyara abin toshe kunne, ta tsaya, alƙali ya danna agogo ya yi ƙara. Faranti na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi. A na uku ta kuskure, abin da ban taɓa gani ba. Ta tsaya kamar ƙiftawar ido, ta ɗan karkata kai tana neman saitin da gefen idonta, sannan ta kwantar da shi ta share sauran. Ba ta zo ta ɗaya ba. Ta uku ta zo a ajin masu libarba, bayan wasu mutum biyu da ta girme wa iyayensu.

Ta zazzage kwanso, ta nuna wa alƙali bindiga babu komai, ta zo ta zauna a bayan motar Merle. Na ce, "Inna, yaya kika gan su?"

Ta ce, "Biyun farko na gani. Sauran inda na saba samunsu na same su." Ta share bindigar da ƙyalle a hankali, ta naɗe ta, ta ce, "Shi ke nan, Wendell. Na ƙoshi." Ni kuma na juya na yi kamar ina neman wani abu a akwati.

Ana cikin raba kyaututtuka sai ga baƙar mota mai sheƙi tana tangaɗi a kan kunyoyin gona. Sarkin Almakashi ne da mai ɗaukar hotonsa. Ba wanda ya gayyace shi. Ya hau kan damin ciyawa ya yi jawabi, ya ce wannan nasara ta nuna abin da haɗin gwiwar gunduma da al'umma ke haifarwa. Merle ya raɗa mini, "Gaskiya ne, su suka rushe, mu muka gina. In ba haɗin gwiwa ba mene ne?"

Da ya gama sai ya zaro almakashi daga aljihu yana waige-waigen abin yankawa. Ba ƙyalle, ba zare. Idonsa ya faɗa kan wata jar igiya a ƙofar shingen gabas. Orrin ya buɗe baki zai yi magana, amma kun san Orrin, kafin kalmar farko ta iso har an yi hoto. Igiyar nan ita ke riƙe da ƙofar. Shanun da aka tsare tun safe suka kwararo, suka kewaye baƙar motar, wata ta soma lasar madubi, wata ta juya mata baya ta bar mata tsaraba a jikin ƙofa. Sa'armu ɗaya, an riga an gama harbi an kulle bindigogi. Mu da muka zo gasa muka ƙare yini muna kora shanu, Mai Girma kuma yana tsaye a kan damin ciyawa yana ba mu umarni.

Gasar dai ta zauna a gundumarmu, a gonar Orrin, kuma ya ce baɗi ma a dawo muddin an sayo masa kwaɗon kulle ƙofa. Zauren gilashi yana nan, ana kunna masa fitila, ana yi wa furanninsa ban ruwa.

Yanzu kuma na ji Mai Girma ya yi shelar cewa saura tafkin ninkaya na gari, shi ma za a zamanantar da shi. Masu iyo, in kuna da hali ku je cikin makon nan ku yi sallama da ruwan.