Cindo da Gurbin Kaya

Ku gyara zama ku ji labarin Cindo, mijin Tasalla. Mutumin kirki ne, Allah na gani, bai taɓa zagin kowa ba. Sai dai duk maganar da ka gaya masa, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. 'Ya'yansu huɗu, kuma abin da ke riƙe da tukunyar gidan shi ne aikin kula da dokin sukuwa na Alhaji Na'iya, yayan Tasalla. Ita ta roƙar masa aikin har da hawaye.

Alhaji yana da tirelar doki da akori-kura ke ja, mai gurbi biyu da katako a tsakani. Dokin ɗaya ne, saboda haka ɗaya gurbin nan ake zuba kayan kwanan fili idan za a je sukuwa wani gari: tanti, tabarmi, risho, shinkafa, jarkar ruwa da ta kalanzir.

Wata rana Alhaji ya ce, "Cindo, kayan nan ka kula da su kamar yadda kake kula da dokin." Cindo ya ce to. Ya ɗaura wa tanti igiya a turke, ya zuba masa harawa. Ya ɗebo ruwa ya yi wa buhun shinkafa wanka tas, ya goge shi da tsumma. Da Alhaji ya dawo ya tarar da shinkafa ta jiƙe, sai Cindo ya tare shi da damuwa. "Alhaji, buhun dai ya sha ruwa, amma tantin tun safe bai taɓa harawarsa ba."

Wata rana kuma Alhaji ya leƙa gurbin, ya ga jarkar kalanzir jingine da sabon buhu. Ya ce, "Ba a haɗa waɗannan wuri ɗaya. Ka raba shinkafar da kalanzir ɗin kafin in dawo masallaci." Cindo ya ɗauki kwano da kwalba ya bi unguwa gida-gida. Kowace mata kwano guda da rabin kwalba. Alhaji na fitowa masallaci tsofaffi suka yi ta sa masa albarka, shi kuwa bai san dalili ba, yana ta amsawa da amin. Da ya gane, sai da ya zauna a kan dakali. Ya aika aka kira ƙanwarsa.

"Tasalla, mijinki zai kashe ni. Tafiyar jibi ita ce ta ƙarshe. Ya sake yi mini ɗaya, ya nemi wani aikin."

Tasalla ta koma gida ta zaunar da shi. "Malam, don girman Allah, in ba ka gane magana ba ka tambaya. Yaran nan me za su ci?"

"Ai ina ganewa," in ji Cindo. "Shi ne ba ya son abin da ya faɗa."

Ranar tafiya Alhaji bai yarda Cindo ya taɓa komai ba. Da kansa ya kinkimo tantin a nannaɗe daga ɗakin ajiya ya jefa a gurbin, aka shigar da doki, aka kama hanya. Rana ta take, suka tsaya gindin wata tsamiya. Alhaji zai tafi alwala, ya ce, "Zafi ya yi yawa a bayan nan. Ka bar kayan su ɗan sha iska." Shi nufinsa a buɗe 'yar tagar sama.

Cindo ya tuna Tasalla ta ce ya yi tambaya, amma wannan kam ya gane ta sarai. Ya sauke kayan kaf, ya jera su a bakin titi suna fuskantar gabas, inda iskar ke fitowa. Alhaji ya dawo ya ga kamar an buɗe kasuwa, ga lokacin sukuwa yana ƙurewa.

"Shi ke nan, Cindo. Mun gama da kai."

"To, Alhaji. Saura tanti, shi bai sha ba, a ƙudundune yake."

Ya kama bakin tantin ya warware. Sai ga kububuwa, ƙatuwa, ta zubo ƙasa ta sulale cikin ciyawa. Alhaji ya yi tsalle baya, hularsa ta faɗi. Ya dubi tantin da ya ɗauko da hannunsa, ya dubi katakon nan da ƙasansa a buɗe yake, ga ƙafafun dokinsa daf da wajen. Da a cikin tirelar ta fito, da dokin za ta sara.

Can ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Mayar da kayan mu tafi. Aikinka na nan, zan gaya wa Tasalla da bakina. Yau kam ka wanke kanka."

Cindo ya cire hula, ya ɗaga jarkar ruwan da za su sha kwana uku, ya juye ta a ka.

"Alhaji, ina ka sa sabulun?"