Tafintan Ranar Taron Iyaye

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi tafinta a gaban iyayen yara, alhali yaren da nake fassarawa ni ma ba jin sa nake ba.

Na gama kwalejin horon malamai, na yi shekara biyu a Kende ina taya babana noman shinkafa, sai na ji wata makarantar kuɗi ta Kirista a yankinmu na Bagudo tana neman malamin lissafi. Sai da na yi kwana uku ina lallashin Baba kafin ya ce in je, amma in kula da sallata.

Mutum biyu suka yi mini tambayoyi: Fasto mai makarantar, da Madam shugabarta, mace mai kallon mutum ta saman tabarau. Fasto ya buɗe da addu'a. Ban san ko in rufe ido ko in ɗaga hannu ba, sai na haɗa biyun (amin ɗin da na ja kuwa har sai da Madam ta ɗago). Lissafi bai ba ni wahala ba. Da na yi maganar salla, Fasto ya ce akwai masallaci a bayan katanga, babu mai hana ni. Ina shirin miƙewa sai Madam ta ce, "Malam, muna da yara daga tsallaken iyaka, daga Benin. Kana jin Faransanci?"

Na tuna mutum huɗun da ke zaune a waje suna jiran wannan aikin. Na ce, "Wi, Madam," wato "eh" da Faransanci.

Iyakar Faransancina gaisuwa ce da wasu kalmomi da na tsinta a kasuwar Dole Kaina ta bakin iyaka. Amma aka ɗauke ni, aka haɗa mini lissafi da Faransancin aji huɗu. Na samo wani tsohon littafi, ina haddace shafi ɗaya kafin in shiga aji, in karanta yadda nake karanta Hausa. Yaran tsallake sukan kalli juna su sunkuyar da kai. Na ɗauka ladabi ne.

Ranar taron iyaye aka cika cocin makarantar, Musulmi da Kirista, har tagogi. Ana cikin jin koke-koke sai wani dattijo mai jar hula, mahaifin wata ɗalibata, ya miƙe ya kama zuba Faransanci kamar ruwan Agusta. Madam ta waiwayo. "Malam, zo ka fassara mana."

Daga kujerata zuwa gaba bai fi taku goma ba, amma na yi salati ya fi a ƙirga. Aka miƙo mini abin magana. A duk abin da dattijon ya faɗa kalma biyu na kama: "malami" da "'yata". Na share gumi na ce, "Yana godiya ga hukumar makaranta bisa ƙoƙarin malamai a kan 'yarsa."

Aka tafa. Dattijon bai tafa ba. Ya ƙara magana, wannan karon da ƙarfi, yana nuna ni da yatsa.

Maimakon in tuba, sai na ƙara zurmawa (shaiɗan ba ya barin mutum a rabin rami). Na ce, "Ya ce musamman malamin Faransanci, Allah ya saka masa da alheri."

Dattijon ya tako a hankali ya karɓi abin maganar daga hannuna. Cikin Hausar da ta fi tawa daɗi ya ce, "Jama'a, ku gafarce ni, ba haka na ce ba. Cewa na yi ɗiyata ta zo makarantag ga tana jin Faransanci, yanzu ko uwatta ba ta gane abin da take faɗi. Na yi da Faransanci ne don malamin kaɗai ya ji, kada in kunyata shi cikin mutane." Ya dube ni da tausayi. "Ashe, yaro, ba ka ji."

Sai wata mata a baya ta fashe da dariya, sauran suka bi. Fasto ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa na girgiza. Madam kuwa ko murmushi.

Washegari na je ofishinta da takardar barin aiki a aljihu. Ta bar ni a tsaye har ƙafata ta yi sanyi, sannan ta ce lissafina ne ya cece ni, amma in je in ba dattijon haƙuri har gida, kuma kada ta ƙara jin ko gaisuwar "bonju" a bakina. Na hau babur na je. Ya ba ni fura, ya yi mini dariya son ransa.

Shekara uku na yi a makarantar, sunana Malam Wi har wurin masu gadi. Abin da na koya shi ne, in dai ƙarya ta zama dole, to kada ka yi ta a bakin iyaka, inda mai tallan ƙosai ma yare uku take ji.