Ranar da Wandona Ya Bi Kogi

Na manta sunayen rabin 'yan ajinmu na Guangzhou, na manta yawancin Sinancin da na sha wuya kafin in koya, amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na hau igiya sanye da sabuwar shadda ba. Har yau in na zo ɗaura tazuge sai abin ya faɗo mini a rai.

A 1998 ne, ina shekarar farko a wata jami'a, muna ajin koyon harshe kafin mu shiga karatun injiniya. Tun asali Innata ba ta so tafiyar nan ba. Da ƙyar kawunnaina suka shawo kanta, kuma da sharaɗi ta yarda: duk ranar da ta ji ina shan wahala, ranar zan tattara komatsaina in dawo Kano. Innata kuwa ba ta maimaita magana. Saboda haka duk kaset ɗin da zan naɗa in aika mata (lokacin kiran waya sai mai hali, kaset muke yi), sai in cika shi da labarai masu daɗi. Ina ci, ina ƙoshi, har tumbi na fara ajiyewa.

Gaskiyar magana kuwa, na rame har agogona yana zamewa ya nufi gwiwar hannu. Tsoron naman alade ya hana ni taɓa komai a ɗakin cin abincin makaranta sai farar shinkafa da ƙwai da tumatir. Safe shi, rana shi, yamma shi. Matar da ke zuba abinci ta riga ta haddace ni, tun daga nesa in ta hango ni take ɗaukar ludayin ƙwai.

Ana haka sai Alhaji Sabi'u ya zo. Ɗan unguwarmu ne, ɗan kasuwa, yakan shigo sarin kaya a kasuwar Baima ya sauka a wani otal da ke titin Liuhua Lu. Ya aiko in je in karɓi saƙo. Na tafi cikin wata ƙatuwar jaket, ana zafin nan na Guangzhou mai danƙo, don kada ya ga ƙasusuwana ya kai labari gida.

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Injiniya, zazzaɓi kake yi?"

Na ce, "A'a Alhaji, yayi ne. Haka ɗalibai ke sawa."

Ya miƙo mini ƙunshi: shuɗiyar shadda ce ta sha bugu, riga da wando, da hula sabuwa fil. Ya ce, "Hajiya ta ce ka sa, ka ɗau hoto, in kai mata. Ranar Talata zan tashi."

Raina ya yi fari. Shadda mai tauri ita ce maganin matsalata, domin ko tsinke aka sa wa sai ya yi kama da mutum. Kuma abin ya zo daidai, a ƙarshen makon nan ƙungiyar ɗaliban ƙasashen waje ta shirya mana fita zuwa wasu duwatsu da ke arewa da birnin. Ni a sanina, fitar makaranta ita ce irin wadda muka yi zuwa dam ɗin Tiga muna sakandare: kowa ya ci ado, a zauna a gindin bishiya, a sha lemo, a ɗau hoto, a dawo. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Ranar Asabar muka yini muna hawan dutse ana yayyafi, ba a yi hoto ba. Muka kwana a wani sansani a bakin kogi. Lahadi da safe gari ya washe, na yi wanka, na fito da shaddata, na karkata hula, na shafa turare. Ina fitowa na tarar da kowa cikin gajeren wando da 'yar shara.

Abokin ɗakina Awudu, ɗan zangon Kumasi ta Ghana mai kiran kowa "Masa" (wato maigida), shi ne mai kyamara. Yana ganina ya riƙe baki.

"Masa, awure za ka? Wannan kaya ba na daji ba ne fa."

Na ce, "Kai dai ɗauke ni hoto, ba shawara na nema ba."

Ya ɗauke ni a jikin wani dutse, na turo ƙirji, na riƙe ƙugu, rigar ta buɗe ta ninka ni biyu. Da a nan labarin ya tsaya, da yau ba ni da abin ba ku.

Muna gama karin kumallo sai Malama Chen, malamarmu da ta rako mu, ta tara mu ta nuna tsallaken kogi. Ta ce motarmu tana can, an riga an kai jakunkunanmu (har da wandon da na sa jiya), kuma kowa ta kan igiya zai haye. Na duba. Igiya biyu ce aka ɗaure daga wannan gaɓa zuwa waccan, ɗaya a ƙasa ta takawa, ɗaya a sama ta riƙewa. A ƙarƙashi ruwa ne yana gudu yana kumfa. Ni kuwa iya sanina da ruwa bai wuce bokiti ba.

Malama Chen ta dubi kayana, ta shiga ofishin sansanin ta fito da wani gajeren wando, ta miƙo mini cikin mutunci. Na dubi wandon, na dubi 'yan matan ajinmu, Koriyawa da wata 'yar Tanzaniya, na girgiza kai. Na yi mata bayani da ɗan Sinancina cewa a garinmu namiji ba ya fito da gwiwarsa a gaban mata. Ta gyaɗa kai da girmamawa, har na ji ni wani babba ne mai kare al'ada a ƙasar waje. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Da layi ya zo kaina, mai kula da igiyar ya sa na cire takalmi. Ya ɗaura mini wata ɗamara a ƙarƙashin hammata, ya maƙala ta a igiyar sama don ko mutum ya zame kada ya faɗa. Sai ya tsaya yana kallon rigata da ta sauka har ƙauri. Kafin in ankara ya tattare ta gaba da baya, ya naɗe, ya cusa a cikin ɗamarar. Na fara gardama, ya daki kafaɗata ya ce, "Mei wenti," wato babu matsala. Na leƙa ƙasa na ga wandona yana nan, na ce to, ai da sauƙi.

Wanda ya san wandonmu ya san ba shi da wani mataimaki sai tazuge. Faɗinsa zai ɗauki mutum biyu, zare ɗaya ne ke riƙe da mutuncin mai shi. Telan Innata kuma, don ya burge, sai ya zura wani tazuge mai sheƙi da santsi. Ga sabuwar shadda ita ma da nata santsin. Ga shi kuma ƙugun da aka auna a Kano ba shi ne ya hau igiyar ba, ƙwai da tumatir sun cinye shi tuntuni.

Na fara tafiya a karkace, hannu biyu a sama, ina jan ƙafa ɗaya ina biyo ta da ɗaya. Da farko lafiya lau, har Awudu, wanda ya riga ya haye, yana ɗaga mini babban yatsa. Ina isa tsakiyar kogi na ji wani abu ya saki a cibiyata. Sai na ji iska tana shiga inda ba ta saba shiga ba.

Na buɗe ƙafafu da sauri, wandon ya tsaya a cinya. Na tsaya cak. Na saki hannu ɗaya zan kamo shi, igiyar ta yi lilo, na hango ruwa ta tsakanin ƙafafuna, na mayar da hannun da saurin da ban san ina da shi ba. (Na san akwai ɗamara. Amma a wannan lokacin ba wanda zai gamsar da ni cewa zaren da Basine ya ɗaura ya fi wanda telan Kano ya zura aminci, tunda ga ɗaya ya riga ya ci amanata.) Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Mai igiya yana ta ihu daga baya in ci gaba, akwai mutane a layi. To amma in zan ci gaba dole in haɗe ƙafafu, in na haɗe su kuma na san abin da zai biyo baya. Can na jiyo muryar Awudu da Hausa, tana ratsa ƙarar ruwa.

"Masa, bar shi ya tafi! Za ka mutu saboda wando?"

Na rufe ido na haɗe ƙafafu. Ya sulale har idon sawu, ya dabaibaye ni. Babu yadda zan taka a haka. Da kaina na ɗaga ƙafar dama na zare, na ɗaga ta hagu na zare. Wandon da Innata ta ɗinka mini ya sauka a hankali, iska ta cika shi, ya kwanta a kan ruwa ya kama hanya. Ban sake ganinsa ba.

Abin da ya rage a jikina daga ɗamara zuwa ƙasa shi ne wani ɗan kamfai ja jawur mai zanen kifaye, wanda na saya a bakin titi don araha. Daga sama kuwa hulata tana nan a karkace, ko motsi ba ta yi ba. Haka na ƙarasa sauran rabin kogin, ni da na ƙi nuna gwiwa. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar kyamarar Awudu. Ina taka ƙasa aka ɗauki tafi, 'yar Tanzaniyar nan ta durƙushe tana dariya har da hawaye. Na fizge rigata na sauke, amma me ya rage a rufe? Malama Chen ta hayo a bayana, ta zaro gajeren wandon nan daga jakarta ta miƙo mini. Da hannu biyu na karɓa.

Ranar Litinin ina da jarrabawa, sai na roƙi Awudu ya wanko hotunan ya kai wa Alhaji na jikin dutsen nan kaɗai. Har rantsuwa na sa ya yi. Da yamma ya dawo yana sosa ƙeya.

"Masa, na nuna ma Alhaji na kan igiyan nan ma don mu yi dariya kawai. Bai yi dariya ba. Ya duba, ya duba, ya sa a aljihu. Ya ce Hajiya ta aiko shi ya gano mata yaronta ne, ba riga ba."

Na garzaya otal washegari, aka ce mini ya tafi filin jirgi. Tun daga ranar na san karatuna ya ƙare. Ba kamfan ne ya dame ni ba, ƙafafun ne. Duk ƙaryar tumbin da na naɗa a kaset, ga shaidarta nan a hoto, siraran sanduna biyu a kan igiya. Makonnin da suka biyo baya ko littafi na buɗe ba na ganewa, ina ta tunanin abin da zan gaya wa 'yan unguwa in na koma hannu rabbana.

Da Alhaji ya sake zuwa, ya miƙo mini kaset da wata jaka mai nauyi, yana kallon gefe. Na koma ɗaki na kulle ƙofa na kunna. Bayan gaisuwa da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai Innata ta zo kan maganar.

"Na ga hotuna," in ji ta. "Na farkon aikin tela na gani. Na biyun shi ne ɗana. Kai yanzu waɗannan ne ƙafafun mai tumbi?"

Na ji ta ja hanci. Ni ma idona ya cika don kunya da kewa.

"Na ce in kana wahala ka dawo, kuma na so in aika a taho da kai. Amma na zauna na yi ta kallon hoton nan. Yaron da wandonsa ya faɗi a gaban jama'a bai saki igiya ba, ba ni ce zan sa ya saki ba. Ka ƙarasa abin da ka je yi. Sai dai ka ci abinci, kuma kada ka ƙara yi mini ƙarya."

A cikin jakar akwai kilishi, da dambun nama, da yaji, da kuka, da daddawar da ta sa Awudu ya buɗe taga. Ta kuma sa Alhaji ya haɗa ni da wasu 'yan Kano da ke dafa tuwo a masaukinsu, duk Juma'a in je in ci, su kuma su aika mata da rahoto. A can ƙasan jakar na tarar da sabon wando na shuɗiyar shadda, irin wancan sak. Na juya ƙugunsa ina neman tazuge. Roba aka sa, irin ta wandon yara.

Na gama karatuna, na dawo da tumbi na gaske. Hoton jikin dutse ya daɗe da ɓata, amma na kan igiya yana nan a cikin kwallar Innata, kuma duk jikan da ya yi wayo sai ta nuna masa. Abin da na koya bai da yawa: in an gayyace ni fita ina tambayar me za a yi a can, in an miƙo mini gajeren wando ina karɓa tun a karon farko, tazuge kuma ƙulli biyu nake yi masa.