Tasi'u Ɗan Italiya da Bokitin Ƙanƙara

Duk Suleja babu wanda bai san bakin Tasi'u ba. Takalman gwanjo yake sayarwa, amma in ya fara ba ka labarin Italiya sai ka rantse can aka binne cibiyarsa. Ko ƙosai ka miƙa masa sai ya yatsine fuska, wai cikinsa ya saba da fiza, abincin 'yan Italiya. Mu dai mun gaji, mun bar shi da halinsa.

Ana nan sai ya shiga neman auren Suwaiba, 'yar gidan liman. Yana sonta ba da wasa ba, wannan kam na shaide shi. Liman ya ce ba zai ce uffan ba sai babban ɗansa, Malam Nafi'u, ya bincika masa halin yaron. Maimakon Tasi'u ya kama kansa, sai ya ce zai kai Malam Nafi'u cin fiza a Abuja.

Ana gobe za su tafi ya lallaɓa wani gidan fiza a unguwar Wuse da ya gani a waya. Ya tare wani ma'aikaci a bakin ƙofa, ya danƙa masa na goro.

"Gobe in ka gan ni da baƙo, ka nuna kullum ina nan."

Ko ciki bai leƙa ba, ya juyo gida.

Washegari bayan azahar suka iso. Ma'aikacin ya tarye su da fara'a. "Oga, yau ka makara. Teburinka na nan."

Tasi'u ya gyara hula, kai ya fasu. Shi kuwa Malam Nafi'u bango yake kallo, kwalabe ne jere har rufi.

"Waɗannan fa?"

"Man zaitun ne, Yaya. Mu a Italiya shi muke sha da safe."

Aka kawo fiza tana tururi. Malam bai kai hannu ba. Ya ce, "Su nan ba sa ba da ruwan wanke hannu?"

Tasi'u ya waiwaiga. Tsakanin teburinsu da na wani Bature da matarsa ga wani bokiti yana ƙyalli, cike da ƙanƙara, da kwalba a ciki, har da farin tawul a rataye. Ya jawo shi ƙiii, ya zaro kwalbar.

"Ga shi nan. Wannan sabulun ruwa ne. Miƙo hannu, Yaya."

Ya tuttula masa, shuuu.

"Ka ga kumfa? Na Italiya ke nan."

Malam ya cuɗa hannu sosai har tsakanin yatsu, ya ɗauraye a ƙanƙara, ya goge da tawul. Sai ga Bature ya miƙe tsaye, fuska jawur, yana zuba Turanci ba birki. Ma'aikacin ya sheƙo da gudu.

Malam ya shinshina hannunsa. Ya sake shinshinawa. Ya dubi ma'aikacin.

"Bawan Allah, mene ne a kwalbar nan?"

"Giyar inabi ce, Malam. Ta Baturen nan ce."

"Na bangon can fa?"

"Duk ita ce."

"Kuma ka ce mutumin nan kullum yana nan?"

Shi ma'aikaci ya ci goro, ba zai ci amana ba. "Ai ba ya fashi, Malam. Har ranar Juma'a."

Tasi'u ya zabura, ya kama rantsuwa.

"Yaya, wallahi tallahi yau na fara shigowa. Goro na ba shi jiya. Kai, faɗa masa mana."

"Oga, ni me zan ce? Ai kowa ya san ka."

"Italiyar ma ban je ba, Yaya. A Agadas mota ta lalace, na dawo."

Malam Nafi'u ya miƙe, hannuwa biyu nesa da riga kamar wanda ya gama fiɗar akuya. Bai ɗaga murya ba.

"Baba na jirana da amsa. Zaɓi ɗaya, me zan ce masa? Mashayi ko maƙaryaci?"

Tasi'u ya zube ƙasa a gaban Bature da matarsa da masu cin fiza, ya kama ƙafar Malam.

"Maƙaryaci, Yaya. Don girman Allah ka ce maƙaryaci."