Gyaɗar da Ta Ƙi Rabuwa

A wani daji da fari ya ƙona, gidaje goma sha uku na masu haƙa rami suka haɗa gyaɗar da suka tsira da ita a rumbu guda. Al'adarsu ita ce ba a taɓa abin rumbu sai rabo ya fita daidai babu saura, domin a cewar magabatansu, saura ita ce uwar gaba.

Dila, malamin majalisa, ya ƙirga ƙwara dubu goma da bakwai. Ya kasa su kashi goma sha uku, goma suka yi saura. Ya kasa biyu, ya kasa uku, ya kasa bakwai, kullum da saura. Daga bisani ya sanar da cewa lambar tana cikin waɗanda ba sa rabuwa sai ga gida ɗaya ko ga gidaje masu yawan adadin kansu. Majalisa ta yi murna da samun abin alfahari, ta kafa kwamitin gano ajinta. Kwamitin ya yi ta zama yana ɗanɗana ruwan sanyi, har ya gano cewa ita ce ƙarama cikin irinta masu gurbi biyar in an rubuta, kuma da za a ƙara ƙwara biyu, da an sami tagwaiyarta, wadda ita ma ba ta rabuwa.

Bushiya, wadda 'ya'yanta suka daina kuka saboda rashin ƙarfi, ta miƙe gaban Gafiya, shugaban majalisa.

"Ranka ya daɗe, ban zo musu da malam ba. Lambar tasa ta yi kyau, Allah ya ƙara mata daraja. Amma magabata sun kafa al'adar nan ne don kada mu kashe juna, ga shi kun zauna a kanta kuna kallon mutuwarmu. Ku zubar da saurar a rafi in kun ga dama, ku ba mu abin da ya rage. Da babu gara ba daɗi."

Aka tsawata mata cewa mai cire ƙwara kafin rabo ɓarawo ne, mai ba da shawarar haka kuwa abokin ɓarawo. Gafiya ya gyara zama.

"Baiwar Allah, mun ji kukanki, kuma ilimi ya ba mu mafita. Tun da ba mu kai gida dubu goma da bakwai ba, sai mu zama gida ɗaya. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Kowane gida kuwa da maigidansa, kuma ni ba zan guji nauyi ba."

Kowa ya san an ba kura ajiyar nama, amma hannuwa suka tashi, don kusa da maigida ake samun ɓawo. Aka kwashe rumbu zuwa ramin Gafiya, al'ada ba ta ji ciwo ba. Bushiya ta yi sallama a ƙofar gidan nasu na bai ɗaya har muryarta ta dushe.

Da damina ta sauka, ramukan da ke da numfashi sun koma goma sha ɗaya. Dila ya yi wa majalisa albishir cewa wannan ma lamba ce da ba ta rabuwa.