Rasuwar Dogon-Hannu, Almakashin Kawu Hohepa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai cike da kanta, ni Tipene, a madadin masu datse rassa na garinmu Murupara, nake sanar da rasuwar dattijonmu Dogon-Hannu, babban almakashin yankan reshe. Rai ya yi halinsa ranar Talata da safe, raɓa ta daskare a kan ciyawa fara fat, cikin irin sanyin Yulin nan, tsakiyar hunturu a ƙasarmu, da ke hana mutum jin yatsunsa.

Marigayin ya girme ni. Tun kafin a haife ni yake hannun kawuna Hohepa, shugaban ayarinmu, suna bin itatuwan dajin katako suna datse rassan ƙasa don katako ya fito sumul, babu ƙulli. Bai taɓa ƙuje ɓawo ba, bai taɓa barin guntun reshe a tsaye ba. Kalma ɗaya ya sani: ƙwas. Abincinsa ɗigon mai da dutsen washi. Ba a taɓa jin ya ce ya gaji da garin nan ba, shaidar da babu mai yi mini irinta.

Bayan na bar makaranta, na bar wankin mota, na bar gonar tuffa, Kawu ya miƙo mini shi a bayan motar aiki. Ya ce, "Ɗana, kai ba ka iya zama wuri ɗaya ba. Wannan zai koya maka. In kuka kai Kirsimeti tare, kujerarka a motar nan ta zama taka. Amma reshen da ya fi wuyan hannunka kauri, na zarto ne. Ka ji?" Na ce na ji. Matiu, abokin aikinmu, wanda ke nema wa ƙaninsa kujerar, ya ce, "Kawu, yi bankwana da shi tun yanzu. Almakashin nake nufi."

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ina saman tsani muka haɗu da wani reshe mai kaurin ƙwaurina. Zarto yana can ƙasa cikin jaka, inda ya ga dama ya kwanta. Sauka da hawa aiki ne, ga Matiu ya wuce ni yana fito. Marigayin bai ce a'a ba. Ya ciza, ya maƙale. Na ɗan murɗa shi cikin ladabi, sannan na rataya a jikinsa da duk nauyina don in ba shi ƙwarin gwiwa. Ya ce ƙiii, abin da bai taɓa cewa ba. Sai ƙaras. Masu cewa ganganci ne su ji tsoron Allah. Sanyi ne da tsufa, kuma ajali in ya yi kira, ko babu ciwo sai an je.

Kawu ya zo ya tsinci haƙorin almakashin da ya karye a cikin ganye, ya goge shi da rigarsa. Bai yi faɗa ba. Ina ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Tipene, sauko."

Marigayin ya bar zarto, wanda ya san komai amma bai ce uffan ba. Ya bar tsani, da dutsen washi da ya zama maraya, da reshen nan, yana nan daram a inda yake.

Kamar yadda aka saba, ba a barin gawa ita kaɗai. Yana kwance a garejin Kawu, ni ke zaune da shi, tunda ba ni da wani wurin zuwa da safe. Ranar Asabar za a rataye shi a ƙusar bango. Matiu ya dage sai ya yi jawabi. Akwai romon ƙashi da dankali da burodi. Ana roƙon masu ta'aziyya su daina tambayata yaushe zan tafi Ostareliya. Na san na sha cika baki a kai. Yanzu ba na so.

Abin da aka rasa: haƙori ɗaya, noti ɗaya da ya faɗa ciyawa, kujera ɗaya ta bakin taga, wadda ƙanin Matiu ke kai tun Laraba. Sai kalmar "ɗana", da Kawu bai ƙara kirana da ita ba.